Injin jirginmu yana zafi yana mutuwa a tsakiyar kogi, masana ku taimaka

Ɗan Masunta, Mai Wurno

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina gaishe da iyayenmu da yayyenmu da ke nan, musamman masu aikin ruwa.

Ni ɗan Mai Wurno ne, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin Shuɗin Nilu. Sana'ar su muka gada tun kakanni. Mahaifinmu ya fi shekara 40 yana tuƙa jirginsa na katakon bagaruwa da filafili, har kafaɗarsa ta dama ta fara hana shi barci. Shi ya sa bara, da muka sayar da albasa da kankanar da muka noma a bakin ruwa, ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi inji na hannu, Yamaha Enduro mai doki 15, irin wanda ake ɗaura wa jirgi a baya, a ja igiya ya tashi.

Alhamdu lillahi mun ga amfaninsa. Inda muke zuba kalli, can sama, da sai mun yi kusan awa biyu muna fama da ruwa, yanzu ko rabin awa ba ma yi. Ranar kasuwa muna ƙetarar da mutane da kayansu. Akwai daren da aka buga mana ƙofa, matar maƙwabcinmu na can ƙetare tana naƙuda ta yi tsanani, da injin nan muka ɗauko ta, kuma Allah ya sauke ta lafiya.

Matsalar ta fara ne da shigowar damina, da ruwa ya yi ja ya yi kauri. Da asuba yana tashi lafiya, ja ɗaya ko biyu. Mu yi tafiyar minti 15 zuwa 20, sai in ji muryarsa ta canza, ƙarfi ya ragu, sai ya ɗauke gaba ɗaya. In na ja igiya a lokacin sai in ji ta yi tauri kamar wani ya riƙe ta daga ciki. In na ɗaga murfi, hannu ba ya iya taɓa kan injin, ga warin fenti da ya ƙone. Mu jira ya huce, sai ya tashi kamar ba shi ba. Sau huɗu ke nan. Na ƙarshen ranar Talata ne, da mutum shida da buhunan albasa a ciki, ruwa ya ja mu nesa kafin mu samu gaɓa. Ba don Baba ya hana mu cire filafili daga jirgin ba, Allah kaɗai ya san inda za mu tsaya.

Abu biyu na lura da su. Ruwan nan da yake tsartuwa ta bayan injin, da can siriri ne mai ƙarfi, yanzu ɗiga yake yi, wani lokacin ya ɗauke. Ban san aikinsa ba. Na biyu baƙin mai ne. Wanda ya sayar mana ya ce a riƙa zubawa a fetur, bai faɗi nawa ba. Yayana yana zuba ƙaramin kofin shayi ɗaya a jarka mai galan 4, kuma in na injin ya yi wuyar samu, kamar yadda komai ya yi tun 2023, na mota muke sawa.

Baba ya ce ba zai sake shiga ba sai ranar da na iya gaya masa abin da ke cikin ƙarfen nan. Ya ce shi babu katako ko ƙusa a jirginsa da bai san dalilinta ba, mu kuwa mun ɗora rayukan mutane a kan abin da ba mu san cikinsa ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Don haka ba maganin kawai nake nema ba, ina son wanda zai yi mini bayanin yadda abin yake aiki. Sannan wani ya ce mu sayar mu nemi mai bugu huɗu, wai ya fi lafiya. Mene ne gaskiyar wannan?

Na Bakin Gada, Kosti

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka canza fulogi tukuna, sau da yawa shi ne. Kuma ka ɗaga injin ka duba 'yan tagogin da ke gefen ƙafarsa, sama da farfela kaɗan. Mu nan Farin Nilu ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa ita ke toshe mana su, ko leda ta manne. Ta nan yake shan ruwa. Ni duk lokacin da na ratsa ciyawa sai na tsaya na sa giyar baya na ɗan lokaci ta kakkaɓe.

Usta Makaniki, Damazin

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kada ka sake tashin injin nan, ko a bakin gaɓa ne, sai an sauke ƙafarsa an duba. Ɗan'uwanmu na Kosti ya yi gaskiya a kan tagogin ruwa, amma fulogi ba ya sa igiya ta yi tauri. Fistin ɗinka ne yake kumbura da zafi ya kama jikin silinda, in ya huce ya saki. Kowane kamu yana barin zane a ciki. Ka ci sa'a sau huɗu, na biyar yana iya zama na ƙarshe.

Shekara 26 ina wannan aiki a bakin tafkin Rusairis. Na fara koyo a kan tsofaffin Evinrude, sunan mutumin da ya fara sayar da nasa injin jirgin a Milwaukee ta Amurka a 1909, kuma sai a 2020 aka daina ƙera su. Daga wancan lokaci zuwa Yamaha ɗinka tsarin bai canza ba: inji a sama, sanda a tsaye, farfela a ƙasa. Ga abin da za ka gaya wa Baba, ka gaishe mini da shi, domin maganarsa ita ce daidai.

Kan injin, abin da ke ƙarƙashin murfi, silinda biyu ne. In ka ja igiya, kana juya faifan nan mai nauyi da ke sama. A jikinsa akwai maganaɗisu, shi ke haifar da wutar da fulogi ke tartsatsi da ita, shi ya sa ba ka buƙatar batir. In fistin ya hau sama yana aiki biyu lokaci guda: ta samansa yana matse haɗin iska da fetur, ta ƙasansa yana zuƙo sabon haɗi daga kafireto zuwa cikin ɗakin da ƙaranshaf yake, wato sandar da fistin yake juyawa. Tartsatsi ya tashi, haɗin ya kama da wuta, ya turo fistin ƙasa. Yana sauka sai ya buɗe ƙofar hayaƙi a jikin silinda, sannan ya buɗe wata ƙofar da sabon haɗin zai hau ta cikinta. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, an gama. Wannan shi ne bugu biyu. In ka murɗa maƙura yana juyi wajen 5,000 a minti, wato kowane fistin yana hawa da sauka fiye da sau 80 a daƙiƙa ɗaya.

To ka ga inda baƙin mai ya shigo. Wannan inji ba shi da tukunyar mai irin ta mota. Tunda fetur ta ɗakin ƙaranshaf yake bi, man da ka haɗa a cikinsa shi kaɗai ne yake shafar boris da fistin da ringi. Ma'aunin Enduro kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. Lita ɗaya tana son mililita 20. Galan namu lita 4 da rabi ne, yana son 90. Jarka mai galan 4 lita 18 ce, tana son 360. Ƙaramin kofin shayi bai wuce 100 da 'yan kai ba. Ashe kofin yayanka na galan ɗaya ne, ba na jarka ba, kuna ba injin abin da bai kai sulusin haƙƙinsa ba. Ka samu kwalba ka auna 360 da sirinji sau ɗaya, ka yi mata zane da wuƙa, ta zama mudunku. Ka fara zuba man a jarka da fetur kaɗan, ka girgiza, sannan ka cika. Man mota kuwa ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari, ringi ya manne, fulogi ya yi baƙi. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikinsa. In ya gagara ƙwarai, na babur mai bugu biyu ya fi na mota nesa ba kusa ba.

Yanzu ruwa, wanda shi ne ciwonka na gaske. Mota tana da lagireto tana zagaya ruwa ɗaya. Injin jirgi kogin da yake tafiya a kai shi yake sha. Ruwa yana shiga ta tagogin da na Kosti ya faɗa. Daidai saman gidan giya akwai famfo, a cikinsa wata 'yar roba ce mai fukafukai shida, sandar injin ta ratsa ta tsakiyarta tana juya ta. Gidan da take ciki ba a tsakiya ya zauna ba, don haka fukafukan suna buɗewa ta gefe ɗaya su ɗebi ruwa, su lanƙwashe ta ɗaya gefen su tura shi sama cikin siririn bututu. Ruwan ya zagaya silinda ya kwashe zafi, mafi yawansa ya fita tare da hayaƙi ta tsakiyar farfela a ƙarƙashin ruwa. Ɗan kaɗan aka ware ya fita ta baya inda idonka zai gani. Mu fitsarin inji muke ce masa. Ba shi da wani aiki sai shaida: yana gaya maka famfo yana raye. Mai tuƙi ya kamata ya waiwaya ya dube shi da zarar inji ya tashi, kuma ya riƙa waiwayawa a hanya.

Robar nan ruwa ne man shafawarta. In aka tashi inji a tudu don a ji ƙararsa, kamar yadda masu sayarwa ke yi wa mai saye, cikin daƙiƙu kaɗan take ƙonewa. Ina zargin taka ta zo muku da rauni tun ranar ciniki. Sai damina ta ƙarasa ta. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Habasha daga Yuli zuwa Satumba laka da yashi ne zalla. Tun da suka fara tare ruwa a babbar madatsarsu a 2020 na ga lakar ta ragu a wajenmu, amma ƙoramun damina suna zubo tasu, kuma duk wanda ya kutsa gaɓa da inji a ƙasa yana tayar da yashi ya ba famfonsa ya sha. Yashi yana cin robar, yana cin farantin ƙarfen da take gogawa. Littafi ya ce a duba ta shekara-shekara. Ni a kogin nan ina ce wa mutanena sau biyu: kafin ruwa ya yi ja, da bayan ya washe.

Aikin ba ya gagarar mai natsuwa. Ka fara zura siririyar waya a bakin fitsarin, wani lokaci zanzaro ne ya yi gini ko laka ta bushe. Amma kai da injinka ya riga ya yi zafi, dole a buɗe. Ka raba sandar giya a mahaɗinta, ka kwance kusoshin da suka riƙe ƙafa, ka zare ta ƙasa a hankali. Za ka ga gidan famfo a kan sanda. Ka kwance shi, ka kula da wani ɗan ƙarfe kamar rabin wata da ke riƙe robar da sanda, in ya faɗa yashi ka shiga uku wajen nema. Ka ƙirga fukafukan. In farantin ya yi kwari, ka canza shi tare da gaskit, sabuwar roba a kan tsohon faranti wata biyu ba za ta yi ba. Wajen mayarwa ka riƙa juya sanda ta hannun agogo kana danna gidan, fukafukan su kwanta ta inda ya dace. Kuma ka tabbata bututun ruwa ya shiga bakinsa kafin ka ɗaure.

Tunda ka sauke, ka cire farfela ka duba bayanta. Ku masu kalli zaren nailan yana naɗewa a nan, ya narke, ya yanka robar da ke hana ruwa shiga gidan giya. Ka kwance kusar ƙasa ka ga man. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Man giya lamba 90 yake sha, wajen rubu'in lita. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya tumbatso ta na sama, a rufe na sama, sannan na ƙasa. A gidan nan ne sandar da ta zo a tsaye take miƙa juyinta ga ta kwance, inji ya juya kusan sau biyu farfela ta juya sau ɗaya. Haƙoran gaba da na baya duk suna juyawa koyaushe, wani ƙarfe ne a tsakani yake zamewa ya kama wanda ka zaɓa. Shi ya sa ake sa giya in inji ya yi ƙasa, kuma a sa ta kai tsaye. Mai lallaɓawa har ta riƙa ƙara gar-gar, haƙoranta yake ci.

Abu na ƙarshe da Baba zai fi kowa ganewa: jirgin inji ba shi da wani abin juya shi sai injin kansa. Kana karkata farfela ne ta tura gindin jirgi gefe. In inji ya mutu, linzami ya tafi tare da shi. Filafilin nan kada ya bar jirgin har abada.

Ɗan Madani, Jizan

Salamu alaikum. Allah ya saka wa Usta, ni ma na ƙaru. Ƙanena na Mai Wurno, ni ɗan Wad Madani ne amma shekara tara ina aiki a jirgin faiba a nan Jizan ta Saudiyya, muna fita wajen tsibiran Farasan kamun kifin kan'ad da sha'ur da hamur. Namu Suzuki ne mai bugu huɗu, doki 140, don haka bari in amsa tambayarka ta ƙarshe da abin da na gani.

Mai bugu huɗu kamar injin mota yake. Yana da bawul, yana da tukunyar baƙin mai, fetur zalla yake sha. Fistin sai ya yi tafiya huɗu kafin wuta ɗaya: ya zuƙa, ya matse, ya ƙona, ya fitar. Ribarsa, sabon fetur ba ya bin hayaƙi ya fita. A mai bugu biyu ƙofofin nan biyu da Usta ya faɗa suna buɗe tare na ɗan lokaci, sai wani kaso na fetur ya tsere bai ƙone ba. Shi ne wannan mai da kake gani yana ƙyalli a kan ruwa a bayanku. Da mai jirginmu ya canza daga tsohon zuwa wannan, jarkokin da muke ɗauka sun ragu sosai, ga shi muna magana da juna ba sai mun ɗaga murya ba. Ni dai da ina da hali, mai huɗu zan saya.

Amma ko da naka akwai yadda za ka rage. Doki 15 mai bugu biyu in an murɗa shi maƙura yana shan wajen lita 7 a awa. Jirgin katako mai nauyi ba ya ɗagowa ya zame a kan ruwa kamar faiba, ruwa yake turawa, kuma yana da iyakar gudun da tsawonsa ya ba shi. In ya kai nan, duk abin da ka ƙara murɗawa igiyar ruwa kake haƙawa a baya. Ka gwada komawa kashi uku cikin huɗu, ka duba agogo. Minti biyu ko uku za ka rasa, fetur ɗin da zai rage zai ba ka mamaki.

Ku laka ce abokiyar gabarku, mu gishiri. Duk dawowa sai mun ba injin ruwan daɗi ya zagaya kamar minti 10, in ba haka ba gishiri ya daskare a hanyoyin ruwan. Akwai kuma wani ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙafa wanda aka sa don tsatsa ta ci shi ta ƙyale injin. Kada a yi masa fenti, in ya cinye rabi a canza. 'Yan'uwanmu na Bur Sudan da Sawakin su riƙe wannan.

Sai jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke manne da maɓallin kashewa. Na san a gida yawanci a jikin injin ake naɗe ta. Don Allah ka ɗaura ta a hannunka. Na taɓa ganin mutum ya zame ya faɗa ruwa, jirgin ya ci gaba shi kaɗai, hannun tuƙi ya karkata, ya riƙa kewayowa kansa da farfela tana juyawa. Allah ya kuɓutar da shi amma da rauni a cinya. Da igiyar tana hannunsa, yana faɗawa injin zai mutu. A nan jami'an tsaron iyaka na ruwa suna duba rigunan ceto kafin mu fita. Ku da babu mai dubawa, ko jarkoki marasa komai masu murfi ku ajiye a ciki.

Hajiya Mai Kifi, Sinja

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, ni ban san fistin ba, amma shekara 19 ina sayen kifi a bakin ruwa, kuma na san abin da injin nan ya yi mana. Da can masunta na nesa sai hantsi ya dubi ludayi suke isowa, karfasa ta yi laushi, idon ragon ruwa ya dushe, sai dai a tsaga a shanya a sayar da arha. Yanzu kafin rana ta yi zafi kifi yana kan faranti yana motsi. Kawara da tsage da muke sa wa gishiri mu yi fasikh, su ma in sun zo da ɗanyantakarsu sun fi kyau.

Roƙona biyu ne. Ku raba jarkar fetur da kifi. Ruwan da ke kwance a cikin jirgi in fetur ya ɗiga a ciki, kifin gaba ɗaya ya ɗauki wari, wanki ba ya fitar da shi, mai saye ta dawo mini da shi dafaffe. Ku sa kifi a kwando a gaba, mai a baya.

Na biyu ya fi damuna. Tun da inji ya zo, masu jirgi suka daina jin nauyi a hannunsu. Mahaifinka in an yi masa lodi ya wuce, kafaɗarsa ce za ta gaya masa. Inji ba ya magana. Na sha shiga jirgi ranar kasuwa in sa hannu in ji tsakanin ruwa da bakin katako bai wuce yatsa huɗu ba, ga mata da goyo. Ka ce mutum shida da buhunan albasa a ruwan damina. Buhu nawa ne, ɗana? Ka yi sawu biyu, kuɗin man sawu na biyu mu fasinja za mu biya.

Usta Makaniki, Damazin

Hajiya, Allah ya ƙara girma, lodi ma yana cikin abin da ke dafa inji, domin yana aiki da ƙarfi juyinsa bai kai ba.

Ɗan Madani, duk abin da ka faɗa a kan fetur haka yake, ban musa ba. Amma kai kana inda mai yake fitowa daga famfo a tace, kayan gyara suna kanti. Yaron nan daga durom yake saye, da ruwa da ƙura a gindi. Ƙananan masu bugu huɗu ramukan kafiretonsu sirara ne ƙwarai, datti kaɗan ya toshe su. Enduro ɗinsa bai kai kilo 40 ba, yana saɓa shi a kafaɗa ya kai gida kowane dare. Mai huɗu na doki 15 ya haura kilo 50, kuma in aka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba baƙin mai ya gangara cikin silinda. Nan wajenmu tun da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10 a 2013 ruwa ya rufe dazuka, kututture ko'ina, inji yana shan duka. Wanda zan iya warwarewa a kan tabarma da sifana biyar shi nake so wa talaka. Ya gyara nasa, ya riƙa tace fetur da ƙyalle mai tsabta, ya bar jarka ta kwanta kafin ya zuba, kada ya juye ta har gindi.

Ɗan Masunta, Mai Wurno

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a zaure muka sauke ƙafar, ina karanta saƙon Usta yayana yana kwancewa. Baba ya jawo kujera ya zauna.

Usta, kamar kana wurin. Fukafukai huɗu suka rage, su ma sun sandare a lanƙwashe, biyu sun gutsure. Farantin ya yi kwari har farce yana maƙalewa. Bayan farfela mun ciro zaren kalli ya dunƙule kamar zobe, man giya kuwa fari-fari ya fito. Na cire fulogi na haska da fitilar waya, silindan ƙasa sumul, na sama akwai zane biyu sirara a tsaye.

Baba ya karɓi robar ya daɗe yana juya ta a hannu. Na bi masa hanyar ruwan da yatsa tun daga taga har fitsari. Ya tambaye ni me ya sa ba a yi ta da ƙarfe ba, na ce sai ta lanƙwashe take tura ruwa. Ya ce to a sayo biyu, ɗaya ta zauna a jirgi cikin leda. Hajiya, buhu tara ne. Na ji kunyar rubutawa, kuma Baba ya yanke mana biyar in da fasinja. Yaya na Jizan, na warware jar igiyar.

Gobe yayana zai shiga Sinnar neman kayan. Tambaya ɗaya ta rage: gutsure ɗaya muka samu a gidan famfo, ɗayan mun duba ko'ina babu. In kayan sun zo mu rufe haka?

Usta Makaniki, Damazin

A'a ɗana, kada ku rufe. Bai narke ba, ruwa ne ya tafi da shi sama, kuma duk inda ya tsaya zai toshe wa sabuwar robar hanya. Ka buɗe ɗan murfin da ke kan silinda inda tamostat yake, ƙofar nan da ke buɗewa in ruwa ya yi ɗumi, sau da yawa a nan nake samunsu. Ka cire shi, ka ɗura ruwa da ƙarfi ta nan ya fito ta bututun ƙasa cikin roba mai tsabta, ka duba abin da ya faɗo. Tamostat ɗin ka jefa shi a ruwan zafi ka ga ko yana buɗewa, kuma ka mayar da shi, kada wani ya ce ka yar.

Yayanka ya haɗo da robobin sandar farfela guda biyu, in ba haka ba sabon man giyar ma fari zai koma. In kun haɗa, ku gwada a durom, ruwa ya rufe faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela da kamar tafin hannu. Jarka biyu na farko ku ninka baƙin mai, 720. Ringi kuwa kada ku saya tukuna. Ka ɗauko mini hoton silindan saman nan da rana, fistin yana can ƙasa, in ga zurfin zanen.